Laftof ɗina tana jinkirin mutuwa, kuma ina son haɗa Windows da Linux

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim ta Jihar Jigawa. Ina da tsohuwar laftof mai Windows 10, batirinta ya yi sanyi, caji kuma sai a shagon mai sola da ke bakin kasuwa. Idan na zo kashe ta takan yi minti 3 ko 4 ɗigo-ɗigo suna ta juyawa a allo, sai in gaji in danne maɓallin wuta har ta mutu. Ƙanena da ke karatu a Dutse kuma ya ba ni shawarar in ɗora mata Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ba tare da na goge Windows ba. Yaya zan yi ta riƙa mutuwa da wuri, kuma shin manhajojin biyu za su zauna lafiya a kwamfuta ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ina roƙonka ka bar danne maɓallin nan. A lokacin da ɗigo-ɗigon suke juyawa, kwamfutar tana rufe manhajojin da ke aiki ne, tana kuma rubuta abin da ya rage a faifan ajiya, wani lokaci ma tana tsakiyar girka sabuntawa. Katse ta a wannan hali yana iya lalata fayil, kuma ba mamaki fayil ɗin ya zama na sakamakon jarrabawar ɗalibanka.

Yawancin jinkirin daga manhajojin da ke tashi da kansu yake zuwa, waɗanda ba ka buɗe ba amma suna aiki a ɓoye. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga sashen Startup, ka dakatar da duk wadda ba ka bukata. Ka kuma saba da adana aikinka da rufe komai da hannunka kafin kashewa, tare da zare filashi da duk abin da ke jone. Idan har yanzu tana jan ƙafa, to faifan ne. Tsofaffin laftof suna zuwa da faifai mai juyawa, kuma musanya shi da SSD, wato faifai marar juyawa mai sauri, shi ne gyaran da ya fi kowanne tasiri, domin kunnawa da kashewa duka za su koma 'yan daƙiƙoƙi. Masu gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano sun saba da wannan aiki.

Akwai kuma wani saiti da ya ɗaure tambayoyinka biyu wuri guda, sunansa Fast Startup, wanda ya shigo tun Windows 8 a shekarar 2012. Idan yana kunne, kashewar da kake yi ba cikakkiya ba ce: Windows yana kwashe halin da yake ciki ya ajiye a wani babban fayil mai suna hiberfil.sys, domin ya tashi da sauri gobe. A faifai mai nawa, wannan rubutun kansa yana cin lokaci. Abin da ya fi damuna shi ne, yana barin ɓangaren faifan Windows kamar ɗakin da mai shi ya fita ya bar kayansa a baje. Idan ka shiga Linux za ka tarar kana iya karanta fayilolinka amma ba ka iya adana komai a wurin, in kuwa aka tilasta masa rubutu, ana iya yin asarar bayanai. Saboda haka ka kashe shi tun kafin ka fara. Yana cikin Control Panel, a Power Options, wurin da ake zaɓar aikin maɓallin wuta. Kunnawa za ta ɗan ƙara tsawo, amma a ganina wannan farashi ne mai sauƙi.

Shawarar ƙaninka tana kan hanya, musamman da yake Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ga irin taka na fi son Linux Mint, nau'in Xfce, don ba shi da nauyi, kuma sauke shi bai cika wuce gigabayit 3 na data ba. Ka fara kwafe duk fayilolinka zuwa wani wuri. Daga nan ka tsuke ɓangaren Windows ta Disk Management, wato sashen Windows na raba faifai, ka ware wa Linux gigabayit 40 ko fiye, ka ɗora Linux ɗin da ka sauke a filashi mai gigabayit 8 ta hanyar manhajar Rufus, sannan wajen girkawa ka zaɓi a ajiye shi kusa da Windows, ba a goge faifan ba. Idan faifanka yana kulle da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, ka rubuta lambobin buɗewa guda 48 a takarda tukuna. Ka yi wannan aikin a shagon mai solar da rana tsaka, caja na jone, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar raba faifai tana iya tafiya da komai.

Bayan an gama, duk lokacin da ka kunna za ka ga jerin zaɓi mai suna GRUB, inda za ka ɗauki wanda kake so. Kada ka tsorata idan ka dawo Windows ka ga agogo ya koma baya da awa 1. Linux yana saita agogon na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma yana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, Najeriya kuwa tana gaba da UTC da awa 1. Ƙaninka zai iya daidaita shi daga ɓangaren Linux da umarnin timedatectl, kuma gara a yi hakan tun ranar farko, tunda ba mamaki da agogon kake duba lokacin shiga aji.