Amsar tambayarka kan kyaftin da tutarsa

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka tambaye ni ko da gaske ne al'adar sojan ruwa ta wajabta wa kyaftin ya nitse tare da jirginsa. Abin da aka ɗora masa shi ne ya zama na ƙarshen fita, sai ya ga mutanensa sun tsira. Sai kuma maganar tuta. A yaƙin teku wanda ya sauke tutarsa ya miƙa wuya ke nan, daga nan ba a ƙara harbinsa.

Labarin Panther zai fayyace maka. Ƙaramin jirgin yaƙi ne na Jamus mai igwa, an saka shi ruwa a Danzig a 1901. A 1902 ana yaƙin basasa a Haiti, sai Admiral Hammerton Killick, shugaban sojan ruwan ƙasar, mai goyon bayan Anténor Firmin da ke neman mulki, ya tare wani jirgin kasuwancin Jamus mai suna Markomannia ya ƙwace makaman da ke cikinsa. Jamus ta ce wannan fashin teku ne, ta tura Panther. Ran 6 ga Satumba ya tarar da jirgin Killick, Crête-à-Pierrot, a gaɓar garin Gonaïves na Haiti, aka umarci Killick ya sauke tuta. Maimakon ya sauke, Killick ya fara sallamar mutanensa suka fita tudu, sannan ya cinna wa rumbun albarushi wuta. Ya mutu a ciki da 'yan kaɗan da suka rage. Mutanen Haiti na girmama shi har gobe, sun ma sa hotonsa a jikin kan sarki na aika wasiƙa a 1943. Ni dai abin da nake yaba masa shi ne fitar da yaran nan da ya yi tukuna. Halaka kai kuwa addininmu bai yarda da shi ba, kada ka ɗauke shi abin koyi.

Shi Panther daga baya an kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma. Ran 1 ga Yuli 1911 ya yi zango a Agadir ta Maroko da tutar Jamus a samansa, wannan kaɗai ya kusa haɗa Jamus faɗa da Faransa da Ingila. Aka sasanta a Nuwamba: Faransa ta sami Maroko, Jamus ta karɓi wani yanki na Kongo ta haɗa da Kamaru da ke hannunta a lokacin, ba tare da an tambayi masu ƙasar ba. An farfasa jirgin a 1931.

Ka gaida mahaifiyarka.