Re: Me ya sa Hausawa suka yi yawa a New Bell na Duwala?

Malam, ka tambaya yadda aka yi 'yan Arewa suka cika unguwar New Bell ta birnin Duwala a Kamaru, to labarin ya faro ne tun zamanin Jamus. Jamusawa ne suka ƙwace filayen mutanen Duwala da ke bakin kogin Wuri, wajen Bonanjo, suka ce wai Turawa kaɗai za su zauna nan, aka ware wa 'yan gari wani wuri can baya nesa da ruwa, wato New Bell, har da fili na kilomita 1 da aka bari tsakani don kada a gauraya. Sarkin 'yan Duwala Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914.

Amma 'yan Duwala da yawa ba su so zaman wurin ba, sai baƙi suka cike shi lokacin Faransa, Hausawa masu fataucin goro da shanu, Bamileke, Basa, kowa ya kafa nasa ɓangare da mai unguwarsa. Da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere da ke arewacin Kamaru a 1974 kuwa sai hanya ta buɗe, yaro daga Garwa ko Marwa ya sauka kai tsaye gidan ɗan'uwa.

Yau in ka shiga wajen kasuwar Marshe Kongo za ka ji Hausa da Fillanci ko'ina, masu yadi, masu tsire da yamma, teloli a jere. Matsalar dai damina ce wallahi, ruwan Duwala ba irin namu ba ne, kwatoci su cika lunguna su zama taɓo.