Kamfanin fasa dutse ya haƙa mana burtsatse, shin ya sauke nauyinsa ke nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar matasa a wata unguwa da ke gefen Bukuru, kusa da Jos. Wani kamfanin fasa dutse yana aiki kusa da mu. Ƙura ta hana mata shanya, bangon gidaje sai tsagewa yake duk lokacin da suka tayar da nakiya, ga wani rami da suka bari ya cika da ruwa, yara suna zuwa wanka. Da muka kai kuka, manajan ya ce ai sun haƙa mana burtsatse, suna raba shinkafa duk azumi, kuma suna da satifiket na ISO 26000. Dattawa sun ce mu yi shiru kada a janye taimakon. Wallahi ramin nan yana hana ni barci. Muna da wani haƙƙi kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kuna da haƙƙi, ɗan'uwa, kuma dole hankalinka ya tashi. Mutumin Jos ba sai an gaya masa ba: kududdufan kuza da aka bari tun zamanin Turawa a Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi har yau suna cin rayuka. Ku rubuta wa kamfanin takarda ya killace ramin nan da waya, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar dattawanku, don kullum ita nake ji. Mutanenmu sun ɗauka abin da kamfani ke yi wa gari sadaka ce, in ya ga dama ya bayar, in an ɓata masa rai ya hana. A harkar ma'adinai ba haka doka ta ce ba. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ko na fasa dutse ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da garin da zai yi aiki, tun kafin ya fara, a kuma sake duba ta duk bayan shekara 5. Dokar ta ɗora masa gyara ƙasar da ya tona. Ga kuma dokar 1992 ta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli. Shinkafar azumi ba ta cikin ko ɗaya. Buhu ya ƙare cikin mako biyu, tarin da ƙurar dutse ta sa wa tsohuwa yana nan, tsagar da hannu ke shiga a bangon ɗaki tana nan. Burtsatse alheri ne, a gode, amma ba ya goge bashin da doka ta rubuta. Abin takaici, sau da yawa yarjejeniyar tana nan, mutum biyu ko uku suka sa hannu a ɗakin otal, sauran gari ko launin takardar ba su gani ba.

Batun satifiket kuwa, ko an yaudari manajan ko yana yaudararku. ISO 26000 da aka fitar a 2010 jagora ce kawai kan nauyin al'umma da ke wuyan kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma ISO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin inganci, da kanta ta ce ba a bayar da satifiket a kanta. 'Yan damfara masu kiran kansu ƙwararru ne ke buga takarda mai zanen zinare su sayar. Wanda ake tantancewa kan muhalli shi ne ISO 14001, shi ma ku tambayi wace hukuma ta tantance, yaushe zai ƙare.

Ku nemi kwafin yarjejeniyar raya al'ummar. In sun hana, ku kai ƙorafi a rubuce ofishin ma'aikatar ma'adinai ta tarayya da ke Jos da kuma NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da hotuna masu kwanan wata. Za a yi ta ce muku oga ba ya nan, ku dawo gobe. Ku koma ɗin. Kada ku tare hanya ko ku taɓa injinsu, don nan take za a mayar da ku masu laifi.

Dattawa kuma, don Allah ku ji tsoron Allah. Amanar gari aka ba ku, jikokinku ne ke wanka a ramin nan. Ku kira taro a ƙofar fada, a karanta yarjejeniyar da Hausa kowa ya ji, matasa da mata suna zaune.