Kada ka kuskura ka fesa wa jirgin nan fenti

Yaro, na ga saƙonka da daddare, wai ka gama sassaƙa jikin ɗan samfurin jirgin saman nan, Thunderbird 2, da kumfa, ko ka sawo fentin gwangwani kore ka fesa mishi tunda gobe Juma'a babu shago. Ajiye kuɗinka. Wallahi da na karanta sai da barci ya ƙaurace min, don wanga tambaya taka ta tono min abin da shekara 9 ke nan ban huce ba.

Farin kumfan nan da ake ciro wa cikin kwalin firij bai shiri da fentin feshi, tina, wato ruwan tsinka fenti da ke cikinshi, cinye kumfan yake yi kamar ka zuba ruwan zafi kan sukari. Sufa gulu ma haka, bodi filar masu gyaran mota ma haka. Ni ba a littafi na karanta ba, da aljihuna na biya kuɗin karatun.

Wani Alhaji ne mai makarantar kuɗi nan Gusau yaz zo shagonmu na Tudun Wada da hoto a waya, yac ce shina son wanga jirgi don ranar raba kyaututtuka ta ɗalibai. Shi ne dai wanda kake yi yanzu, Thunderbird 2, koren nan mai ƙaton ciki na shirin Thunderbirds da anka fara nunawa a Ingila a 1965, wanda mutanen ciki duk 'yan tsana ne ana jansu da zare. A labarin tsawon jirgin ƙafa 250 ne, sai na ce to mu raba da ɗari, ya dawo ƙafa biyu da rabi, inci 30 ke nan, kowane abu na jikinshi kuma da wanga lissafi za a auna shi ba da ido ba. Munka yi ciniki dubu 45, ya ba da kafin alƙalami dubu 15.

Kwana 16 ina kanshi cikin hunturu, hannuna duk ya tsattsage. Ƙashin bayan na filawud, na liƙa kumfa bisa, na bi da reza da sanfefa har sai da hancin ya fito sumul kamar ƙwan zabo. Akwatin tsakiya da ke fita daga cikinshi na yi shi daban, yana zamewa ya koma ba tare da ya kama ba, ƙafafu huɗu da ke ɗaga jirgin sama kuwa da eriyar tsohuwar rediyo na yi su, ka ja su miƙe ka tura su shige. Mutane na tsayawa bakin shago suna kallo. Saura kwana biyar biki, ga gaggawa, na ɗauki gwangwani bayan la'asar na fesa. Ban kai ga ajiye gwangwanin ba na ji wani ɗan ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana toya ƙosai daga nesa, ina kallo bayan jirgin ya fara ramuka yana lotsawa, hancin nan da na kwana uku ina gogewa ya zube ya koma kamar rubabben gwanda. Na zauna kan benci har anka kira magariba ban iya tashi ba.

Ban faɗa wa Alhajin ba. Na sake sabo da kuɗina, dare huɗu da fitilar caji, na kai mishi ana gobe biki. Ka san mi yac ce? Ya zagaya shi sau biyu, yac ce fikafikan a juye na sa su, wai shi ya hau jirgi zuwa Makka ya fi a ƙirga bai taɓa ganin fiffike na kallon gaba ba. Na ce Alhaji buɗe wayarka, hoton da ka kawo min ne, haka masu shirin sunka zana shi, fikafikanshi gaba sunka karkata. Yac ce wayar ba caji. Ya miƙo min dubu 10 wai don Allah ne ma ya karɓa, sauran dubu 20 har yau. Kuma fa washegari shi anka ɗora kan tebur gaban manyan baƙi, aka ce ɗaliban makarantar sunka ƙera, har da tafi. Kuɗin ban damu da su kamar wagga magana ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

To kai ga abin da za ka yi. Ka dama farin gam na kafintoci da ruwa kaɗan, ka yayyaga jarida ƙanana ka bi jikin kaf, shafi uku, kowane sai ya bushe ƙarau kafin na gaba, kada ka bar ko hujin allura don ta nan tina zai shiga ya ci ciki kana ganin waje lafiya lau. Sannan fila ta cike ramuka, sannan sanfefa mai lamba 180 ka ƙare da 400, sannan fenti daga nesa, sama-sama. Ka fara gwadawa kan guntun kumfa tukuna. Yadda ake yanka da aunawa ba zan tsaya faɗa maka ba, wanda ya yi motar kara yana yaro ya san wannan, in kuma ba ka sani ba to mi kake yi a shagona shekara biyu?

Matsalarku yaran yanzu ke nan, kun ga bidiyon minti ɗaya a TikTok kuna so aikin mako uku ya ƙare kafin caji ya mutu, a ɗauki hoto a tura. Mu maigidanmu wata shida ya bar mu muna goge katako bai ba mu zarto ba.

Kuma waye ma ya ba ka aikin? In mai saye ne, ka buga hoton a takarda ya sa hannu a kan fikafikan nan, ka karɓi kashi biyu cikin uku kafin ka ƙara taɓa reza. Ranar Asabar ka zo min da jirgin shago da safe in duba hancin da kaina, a hoton da ka turo kamar ya karkace hagu.