Doki da Kwanciyar Hankalin Matasa: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, ɗana yana da shekara 15. Tun rasuwar mahaifinsa ya daina hira da kowa, abu kaɗan sai faɗa. Amma tun da ya fara zuwa bargar kawunsa yana yi wa doki hidima, na ga ya fara sakin jiki. Dokin ne ya jawo haka, ko lokaci ne kawai? Daga wata uwa, unguwar Bagalam, Maradi.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Lokaci yana da nasa rabo, amma ina kyautata zaton bargar ma ta taimaka. Doki dabba ce mai saurin tsorata, saboda haka yana lura ƙwarai da murya da motsi da yadda aka riƙe masa ragama. Idan yaro ya tunkare shi a fusace, sai ya kwantar da kunnuwa ya ja da baya, idan kuma yaron ya sassauta murya ya rage gaggawa, sai dokin ya natsu. Ta haka yaro yake ganin abin da fushinsa yake haifarwa nan take, ba tare da wani babba ya yi masa faɗa ba. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna cewa doki yana bambanta fuskar mutum mai fushi da mai fara'a ko da a hoto ne.

Sannan akwai hidimar kanta. Baƙin ciki yakan ɓata wa matashi barci da cin abinci, ya sa ya ji ba shi da amfani ga kowa, amma wanda ya san akwai dabbar da ke jiran harawa da dusa da ruwa daga hannunsa, dole ya tashi da sassafe ya share turke, kuma da dare gajiya za ta sa shi barci. Kada ki manta da kawun nasa, domin samari da yawa sun fi buɗe ciki idan hannunsu yana kan aiki kusa da babban da suka yarda da shi, fiye da a zaunar da su ana yi musu tambayoyi. Ki bar shi ya ci gaba, muddin karatu bai tsaya ba. Idan kuwa ya daina cin abinci, ko ya fara ambaton mutuwa da cewa ya gaji da duniya, ki kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: Ina koyarwa a kwaleji. Akwai hujjar kimiyya a kan wannan, ko labari ne? Daga wani malami, Tibiri.

Amsa: Malam, akwai hujja, sai dai ba ta yi ƙarfi sosai ba tukuna. Likitoci sun ƙara mai da hankali kan lamarin bayan Lis Hartel, ƴar ƙasar Denmark wadda shan inna ya nakasa, ta ci lambar azurfa a hawan doki a gasar Olamfik ta 1952. A 2014, Patricia Pendry ta Jami'ar Jihar Washington a Amurka ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa ƴan makaranta na mako 11, inda aka samu cewa waɗanda suka yi aiki da dawaki suna da ƙarancin kotizol, sinadarin da jiki ke fitarwa a lokacin damuwa, idan aka kwatanta da waɗanda ba su fara ba. Amma yawancin irin waɗannan bincike an yi su ne a kan yara kaɗan, cikin ɗan lokaci. Ka kuma lura cewa babban ɓangaren aikin a ƙasa ake yin sa, wato goge doki da jan sa da kula da shi, ba sukuwa irin ta hawan salla ba.

Tambaya: Ƙanena ya faɗa shan tiramol. An ba ni shawara in saya masa doki ya shagala. Daga wani ɗan kasuwa, Tasawa.

Amsa: Alhaji, doki ba zai raba shi da ƙwaya ba, kuma ina roƙonka kada ka ɗora shi a sirdi yana cikin wannan hali, domin tiramol yana jawo jiri da farfaɗiya. Ka fara kai shi wurin likita, saboda yanke ƙwayar farat ɗaya ma yana wahalar da jiki, sai an bi a hankali. Bayan ya fara samun sauƙi, hidimar barga za ta iya cika masa lokacin da yake ɓatawa da abokan shaye-shaye.

Tambaya: Shekarata 16. Na faɗo daga doki, kaina ya bugu, amma na tashi lafiya. Sai na je asibiti? Daga wani matashi, Madarunfa.

Amsa: Ɗana, idan ka suma ko na ɗan lokaci ne, ko kana amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci yana yawan ɗaukarka, ka sa a kai ka asibiti yanzu, domin jini yana iya taruwa a cikin kai sannu a hankali bayan mutum ya tashi garau. Ko babu ɗaya daga cikinsu, ka huta da hawa har likita ya duba ka. Nan gaba ka sa hular kwano, kada ka tunkari doki ta baya inda ba ya ganinka, kuma ka je a yi maka allurar rigakafin tetanos, saboda ƙwayar cutar tana zama a kashin doki da ƙasar barga, ƙaramin rauni kuwa ya ishe ta shiga jiki.