Me ya sa wutar jirgin sama take 400 Hz?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa janaretan jirgin sama ke ba da wuta mai 400 Hz, alhali ta gidajenmu 50 ce. Maganar nauyi ce.

Hz shi ne adadin kai-da-kawowar wuta cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ya ƙaru, ƙarfen cikin janareta da taransifoma sai ya ƙanƙance, aikin kuma bai ragu ba. Dubi taransifomar unguwarku, ƙarti goma ba sa ɗaga ta. Jirgin alhazai da ke tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato kuwa, kowane kilo mai yake sha.

Ƙaramin janaretan ƙofar shago, mai kan maganaɗisu biyu, yana juyi 3,000 a minti ya ba da 50 Hz. Na jirgi mai kai huɗu sai ya yi juyi 12,000 kafin ya ba da 400 Hz.

Illar wuta mai 400 Hz, ƙarfinta na zubewa a doguwar waya. Ba mai jawo irinta daga Kainji zuwa Sakkwato, amma wayar jirgi gajera ce.

Gudun injin jirgi yana hawa da sauka, don haka ake sa giya mai daidaita juyin janareta. Jirgin Boeing 787 ya yar da giyar, wutarsa na yawo tsakanin 360 da 800 Hz.