Hukuncin aikin tsinkar inabin giya a gonakin Bordo

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne daga Nijar, ina karatu a Bordo ta ƙasar Faransa. A watan Satumba ɗalibai kan tafi yankin Medok aikin tsinkar inabi, ana biyan kuɗi mai ɗan auki. Inabin da ake tsinka sunansa Cabernet Sauvignon, kuma giya ake yi da shi. Bara na yi wannan aiki, ban sha ba, ban matsa ba, kwando kawai nake cikawa. Mene ne hukuncin aikin, da kuɗin da na karɓa, da inabin da nake ɗan jefawa a baki?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, inabin da ka ci halal ne, matuƙar mai gona bai hana ba. Ɗan itace ne mai tsarki, kuma ruwansa halal ne kafin ya tsimu. Sai yis ya juya zaƙinsa ya koma barasa sannan ya zama giya, wadda aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta.

Aikin kuwa, wannan shi ne wurin tsayawa. Tirmizi da Ibn Maja sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya la'anci mutum goma game da giya, cikinsu har da mai matsa ta, da wanda aka matsa dominsa, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Lura da mai matsawa. A lokacin da yake matsawa ruwan inabi ne zalla a hannunsa, bai fara sa maye ba, amma la'anar ta hau shi saboda ya san inda ruwan zai je. Kai ba a ambace ka da suna a hadisin ba, don haka ba zan ce kana cikin goman ba. Sai dai tsakanin kwandonka da injin matsa sa'o'i ne kawai, kuma aya ta 2 ta Ma'ida ta hana taimakon juna a kan saɓo.

Wani zai ce ai inabi inabi ne, ana iya cinsa. To a duba irin. Cabernet Sauvignon ya samu ne a kudu maso yammacin Faransa a ƙarni na 17, daga barbarar Cabernet Franc da Sauvignon Blanc. 'Ya'yansa ƙanana ne, ga kaurin ɓawo, ga ƙwallaye, ga bauri. Abubuwan da suka sa bai dace da faranti ba su ne masu giya ke nema, don su ke ba ta duhun ja da juriyar ajiya ta shekaru. Gidajen giyar Medok kuwa tun 1855 aka jera su bisa darajar giyarsu. Wanda ya shiga irin wannan gona ya san abin da ake nomawa dominsa, babu zato a ciki. Malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi, don toshe ƙofar ɓarna, kuma sayar masa da ƙarfin jiki haka yake. An ruwaito sassauci daga Imamu Abu Hanifa kan sayar da ruwan inabi ga irin wannan mutum, amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, ba su bi shi a kai ba, kuma hadisin Anas ya fi ƙarfafa hani. Abin da na rinjayar shi ne aikin bai halatta ba.

Kuɗin bara, idan ka yi aikin ba ka san hukuncinsa ba, ka nemi gafara, abin da ya wuce ya wuce, ba sai ka biya ba. Idan kuwa ka sani ka yi, ka tuba, ka bai wa mabuƙata abin da ya rage a hannunka, sai dai in kai ma kana cikin matsi, sai ka riƙe gwargwadon buƙatarka.

Na san kuɗin haya a Turai ba wasa ba ne, amma lalurar da ke halatta haram ita ce wadda babu wata mafita, kai kuwa kana da ita kusa. Yankin Ajan ana tsinkar 'ya'yan itacen da ake busarwa daga tsakiyar Agusta, Muwasak ana noman inabin ci mai suna Chasselas, Limuzan kuma akwai gonakin tuffa. Aiki a waɗannan halal ne, ko da wani mai saye zai karkatar da kayan daga baya, tunda ba domin haka aka noma su ba. Ka fara neman gurbi tun kafin hutu.

Allah ne mafi sani.